Alƙali da Hayaƙi

Ranar 14 ga Nuwamban 2005 wani alƙalin Babbar Kotun Tarayya da ke birnin Benin a Najeriya ya yanke hukunci cewa ƙona iskar gas da ake yi a wani ƙauyen Neja Delta ya saɓa wa tsarin mulki, ya ce a daina. Har yau ana ƙona gas a yankin. Ranar 30 ga Yunin 2022 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ce hukumar kare muhallin ƙasar ba ta da ikon tilasta wa masu samar da lantarki su bar kwal su koma wa wani makamashi. Kafin a kai ga wannan hukunci, tashoshin sun riga sun rage hayaƙin da ake ta rigima a kai, har sun wuce abin da hukumar ta nema. A shari'a ta farko masu neman a rage hayaƙi sun yi nasara, hayaƙi bai ragu ba. A ta biyu sun sha kaye, hayaƙi ya ragu.

Aikina gabatar da shirye-shirye ne a rediyo a nan Yawunde. Ina zaune a Cité Verte, ba nisa da Briqueterie, unguwar Hausawa da muke taƙaitawa mu ce Birik. A aikinmu labarin kotu minti ɗaya ake ba shi: wane ya ci, wane zai ɗaukaka ƙara, sai a wuce labarin wasanni. Abin da ya biyo bayan hukuncin ba mu cika waiwayarsa ba, alhali can labarin yake. Shi ya sa na ga bari in bi sawun waɗannan shari'u a rubuce, inda ba wanda zai ɗago mini hannu daga bayan gilashi ya ce lokaci ya ƙare.

Sai an fara fahimtar abin da ake shari'a a kansa. Hayaƙin da muka sani, na itace ko na tsohuwar mota, ana ganinsa, yana sa tari da hawaye. Iskar kabon ba haka take ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ita ce ma muke fitarwa in mun yi numfashi. Duk lokacin da aka ƙona kwal ko mai ko gas sai ta fita, ta taru a sararin samaniya ta riƙe zafin rana kamar bargo. Ba ta cutar da maƙwabcin tasha fiye da yadda take cutar da manomi a Maraɗi ko masunci a Tafkin Chadi. Wannan shi ya sa ta zame wa lauyoyi ƙarfen ƙafa, don dokokin da aka rubuta tun da can an yi su ne saboda hayaƙin da ke shaƙe mutum nan take.

A Amurka dokar da ake ta ja-in-ja a kanta ita ce Dokar Tsaftar Iska, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a ƙarshen 1970, shekarar da aka kafa Hukumar Kare Muhalli, EPA. Dokar ta ba hukumar ikon takaita duk abin da ke gurɓata iska ya kuma yi barazana ga lafiya ko jin daɗin jama'a. A zamanin George W. Bush hukumar ta ce kabon ba ya cikin abubuwan da dokar ke nufi, saboda haka ba ruwanta. Jihar Massachusetts da wasu jihohi goma sha ɗaya da birane da ƙungiyoyi suka kai ƙara. Hujjar Massachusetts ta tsayawa gaban kotu ita ce teku na cinye mata gaɓa. Ranar 2 ga Afrilun 2007 alƙalai biyar cikin tara suka ba ta gaskiya: kabon gurɓataccen abu ne a idon doka, kuma in hukumar za ta ƙi taɓa shi sai ta kawo dalilin da ke cikin dokar. Wannan ƙarar a kan hayaƙin motoci aka yi ta, amma kowa ya san tashoshin lantarki ne na gaba. A Disamban 2009, bayan Barack Obama ya hau mulki, hukumar ta bayyana a hukumance cewa iskar kabon da 'yan uwanta barazana ce ga lafiyar jama'a.

Akwai wata shari'a a tsakani da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Tun 2004 wasu jihohi, ciki har da Connecticut, suka kai manyan masu samar da lantarki biyar ƙara kai tsaye, suna neman alƙali ya sa musu iyaka. A 2011 Kotun Ƙoli ta kori wannan buƙata, ta ce aikin EPA ne, ba na alƙalai ba, tunda majalisa ita ta ɗora wa hukumar. Mai karatu ya riƙe wannan, don shekara goma sha ɗaya bayan nan kotun za ta dawo ta ce hukumar ma hannunta bai kai inda take son kaiwa ba.

A Agustan 2015 gwamnatin Obama ta fito da shirinta na tsaftace harkar lantarki. Burin shi ne kafin 2030 kabon da tashoshi ke fitarwa ya ragu da kashi 32 cikin ɗari in an kwatanta da na 2005. Hukumar ta dogara da wani ɗan sashe na dokar, sashe na 111, wanda ya ce ta nemo tsari mafi kyau na rage hayaƙi ta ɗora mizani a kansa. Duk rigimar a kan kalmar "tsari" ta tsaya. Jihohin kwal suka ce tsari yana nufin gyaran da za a yi a cikin katangar tasha: a gyara tukunya, a sa matata, a rage asarar zafi. Hukumar ta ce in an tsaya nan ba abin da za a rage sai ɗan kaɗan, tsarin gaskiya shi ne a rage aikin tashoshin kwal, a ƙara wa na gas da na iska da na hasken rana, tunda duk layi ɗaya suke zuba wutarsu. Wato dai kamar a ce wa mai tsire: ko dai ka gyara murhunka, ko kuwa ka rage gashi da itace ka sayi rabin namanka daga mai gasawa da gas. Na farko gyara ne, na biyu kuwa sauya sana'a ne, kuma mai itace ba zai zuba ido ba.

Jihohi sama da ashirin suka kai ƙara, West Virginia na gaba. Ba abin mamaki ba ne, don kusan kashi 90 na wutar jihar daga kwal yake fitowa, garuruwa da dama kuma da ramin haƙar kwal suke ci suke sha. Ni ban ga laifin mahaƙin da ya ji tsoron abincinsa ba. Ranar 9 ga Fabrairun 2016 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a biyar da huɗu, ta dakatar da shirin tun ƙaramar kotu ba ta gama sauraren ƙarar ba, abin da masana shari'ar ƙasar suka ce ba a saba gani ba. Kwana huɗu bayan haka Mai Shari'a Antonin Scalia, ɗaya daga cikin biyar ɗin, ya mutu. Da dakatarwar ta yi jinkirin mako guda, da ƙila labarin ya sha bamban.

Shirin bai taɓa aiki ko na kwana ɗaya ba. Gwamnatin Donald Trump ta soke shi a 2019 ta kawo nata mai sassauci. Kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton ta rushe na Trump ranar 19 ga Janairun 2021, ana gobe zai sauka. Gwamnatin Joe Biden ta ce ba ta da niyyar farfaɗo da na Obama. Duk da haka Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar, ta yi shari'a a kan shirin da ya riga ya mutu. Alƙalai shida, Alƙalin Alƙalai John Roberts ne ya rubuta musu, suka ce al'amari mai girman sauya yadda ƙasa gaba ɗaya ke samun wuta ba a ɗora shi a kan ɗan sashen doka da aka daɗe ba a waiwaya ba, sai majalisa ta faɗa ƙarara cewa ta ba da wannan iko. Mai Shari'a Elena Kagan, a madadin ukun da suka ƙi, ta ce kotun ta ƙwace aikin majalisa da na ƙwararru ta naɗa kanta mai tsara manufar yanayi.

To ga inda abin yake. A 2005 kusan rabin wutar Amurka daga kwal ake samu. Zuwa 2019 ya koma ƙasa da rubu'i, kabon tashoshi kuma ya riga ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Burin 2030 ya cika da saura shekara goma, ba tare da doka ta tilasta ba. Abin da ya yi aikin farashi ne. Sabuwar dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta sa gas ya yi araha, faifan hasken rana da injinan iska su ma suka karye, tsofaffin tashoshin kwal suka zama asara ga masu su. Shekara bakwai ana biyan manyan lauyoyi a kan ƙofar da kasuwa ta riga ta shige ta taga. Rigimar ba ta ƙare ba: a Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta fito da sabuwar ƙa'ida da ke neman tashoshin kwal masu niyyar daɗewa su kama kashi 90 na kabon ɗinsu kafin 2032, aka sake kai ƙara, a Yunin 2025 kuma hukumar, a ƙarƙashin Trump da ya dawo, ta gabatar da shawarar soke ta.

A Amurka gwamnati ce ta miƙa hannu, kamfanoni da jihohi suka je kotu don a ɗaure shi. A nahiyarmu abin a juye yake: doka ta ba gwamnati hannu, talakawa ne ke zuwa kotu suna roƙon ta yi amfani da shi.

Misalin Najeriya ba na tashar lantarki ba ne kai tsaye, amma ɗan uwansa ne na jini, don gas ɗin da ake ƙonawa a banza a bakin rijiyar mai shi ne wanda tashoshi irin Egbin da Afam ke ƙonawa su ba da wuta. In an haƙo ɗanyen mai gas kan biyo shi. Tara shi da kai shi kasuwa na buƙatar bututu da kuɗi, cinna masa wuta kuwa ashana ɗaya ce. Tun 1979 aka yi dokar da ta ce daga 1 ga Janairun 1984 ba mai sake ƙonawa sai da izinin minista. Wannan "sai da izini" ita ta cinye dokar. Aka yi ta ba da izini, ana karɓar tarar da ba ta taka kara ta karya ba, wadda daga 1998 ta tsaya a naira 10 kan kowane ma'aunin ƙafa dubu na gas. Wa'adin dainawa kuma aka yi ta ɗaga shi kamar ranar biyan bashi.

Wani mutumin Iwherekan a jihar Delta, Jonah Gbemre, shi ya kai kamfanin Shell da NNPC da Antoni Janar na Tarayya ƙara a madadin al'ummarsa. Bai tsaya kan dokar mai ba. Ya kafa hujja da sashe na 33 da na 34 na tsarin mulkin 1999, haƙƙin rayuwa da na mutunci, da kuma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida. Mai Shari'a C. V. Nwokorie ya yarda da shi. Ya ce haƙƙin rayuwa ya haɗa da zama a muhalli mai tsafta, ya ce sassan dokar da suka halatta ƙonawar ba su da tushe, ya umarci a daina, ya kuma umarci Antoni Janar ya fara shirin gyara dokar. A lura, wannan kusan shekara ɗaya da rabi ke nan kafin Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa kabon ma abin dubawa ne.

Kamfanin ya ɗaukaka ƙara. A Afrilun 2006 kotun ta ba da shekara guda, zuwa ƙarshen Afrilun 2007, tare da sharaɗin a kawo mata cikakken tsarin yadda za a kashe wutar. Da wa'adin ya cika, kamar yadda lauyoyin masu ƙara da ƙungiyoyin da ke mara musu baya suka bayyana, sai suka tarar an sauya wa alƙalin wurin aiki zuwa Katsina, fayil ɗin shari'ar kuma ba a gan shi ba. Sauya wa alƙali gari ba baƙon abu ba ne, lokacin da abin ya faɗo ne ya sa mutane magana. Ina yawan tunanin cewa akwai Katsinawan da suka tsaya gaban wannan bawan Allah kan wata ƙarar tasu ba su san cewa shi ne ya rubuta hukuncin da ɗaliban shari'a ke karantawa a jami'o'in duniya ba.

Ba a ce ba abin da ya sauya. A 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 ga manyan kamfanoni, a shekarar kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta buɗe wa ƙungiyoyi masu zaman kansu ƙofar kai ƙara kan gurɓatar muhalli ko da ba gonarsu aka ɓata ba. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi. Gas ɗin da ake ƙonawa ya ragu sosai in an kwatanta da na farkon shekarun 2000, amma babban abin da ya rage shi, a ganina, shi ne samun mai saye, musamman bayan masana'antar daskarar da gas ta Bonny ta fara fitar da kaya a 1999. Can ma kasuwa, nan ma kasuwa.

Kada a ɗauka ina cewa zuwa kotu aikin banza ne. Akwai inda hukunci ya ci, kuma wuraren sun yi kama da juna. A Afirka ta Kudu, ƙungiyar Earthlife Africa ta ƙalubalanci izinin gina tashar kwal ta Thabametsi a lardin Limpopo, mai megawat 1,200. Ranar 8 ga Maris 2017 babbar kotun Pretoria ta ce ba daidai ba ne a ba da izini ba a auna tasirin tashar ga yanayi ba. Aka koma aka sake lissafi, aka sake komawa kotu, masu zuba jari suka gaji suka janye, a 2020 aikin ya mutu. A Kenya, mutanen Lamu, tsohon garin Musulmin Sawahili da ke bakin teku, suka yi tsaye kan tashar kwal mai megawat 1,050. A Yunin 2019 kotun muhallin ƙasar ta soke lasisin, babban dalilinta kuwa shi ne ba a tuntuɓi jama'a yadda doka ta tanada ba. Tashar ba ta tashi ba. A duka biyun ba a kai ga aza tubali ba, ba ma'aikaci ko ɗaya da zai rasa albashi, ba garin da zai kwana a duhu saboda hukuncin. Alƙali na iya hana a gina. In bututun hayaƙi ya riga ya miƙe, asibitoci da masana'antu sun rataya a wuyansa, da wuya a samu gwamnatin da za ta aika 'yan sanda su kashe shi, ko da takardar kotu a hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu a Kamaru Allah ya huwace mana ruwa. Mafi yawan wutarmu daga kogin Sanaga take: Edéa tun shekarun 1950, Song Loulou tun 1981, sai Nachtigal mai megawat 420 da ta kammala a 2025. Arewa kuma ta dogara da Lagdo a kan Binuwai, madatsar da 'yan uwanmu na Adamawa da Taraba a Najeriya suka sani ta wata fuskar duk lokacin da aka saki ruwa. Amma da rani ruwa kan ja baya, sai a koma ga wuta. Bayan ƙarancin lantarkin farkon shekarun 2000 aka gina tashar Limbe mai ƙona baƙin mai a 2004, ta Dibamba kusa da Duwala a 2009, ta gas a Kribi mai megawat 216 a 2013, ga kuma injinan dizal na gaggawa da aka dasa a Ahala nan cikin Yawunde. Ƙarƙashin waɗannan akwai dubban ƙananan tashoshi da ba su da suna a kowace takarda. In aka ɗauke wuta a Birik, kafin ka ƙirga goma teloli da masu shagunan atamfa da masu sayar da ruwan sanyi sun ja igiyar gurup, warin mai ya gauraye da ƙamshin tsire. Telan da ke da ɗinkin salla a gabansa, in ka zo masa da zancen kabon, kallon da zai yi maka ya isa amsa, kuma yana da hujja: Afirka gaba ɗaya kusan kashi 4 cikin ɗari take fitarwa na kabon duniya, Amurka ita kaɗai kuwa ta fitar da wajen rubu'in duk abin da ya taru tun farkon zamanin masana'antu.

Duk da haka alkawari mun ɗauka. A 2015, gabanin taron Paris, Kamaru ta ce za ta rage kashi 32 na abin da za ta fitar kafin 2035, adadi ɗaya da na shirin Obama, ko da yake ma'aunin ya bambanta. A 2021 ta ɗaga zuwa kashi 35 kafin 2030, mafi yawansa bisa sharaɗin samun tallafi daga waje. Kayan shari'a ma muna da su. Gabatarwar tsarin mulkin 18 ga Janairun 1996 ta ce kowa na da haƙƙin muhalli mai lafiya. Dokar muhalli ta 5 ga Agustan 1996 ta wajabta nazarin tasiri kafin a fara duk wani babban aiki, ta kuma ba al'ummomi da ƙungiyoyin da hukuma ta amince da su damar shiga ƙara a matsayin waɗanda aka cuta. Ƙa'idojin aiwatar da ita sun tanadi zaman jin ra'ayin jama'a. Irin wannan tanadi ne ya ci wa mutanen Lamu shari'a.

Tashoshin da ba a gina ba tukuna suna nan tafe, wasu a tsakiyar ƙasar Hausa. A Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, da shirin kafa tashoshi a Abuja da Kaduna da Kano. A Nijar, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona kwal a Anu Araren kusa da Agadas tun farkon shekarun 1980, an daɗe ana maganar wata babbar tashar kwal a Salkadamna cikin jihar Tawa. A nan ma ana maganar faɗaɗa ta Kribi da gina ta gas a Limbe. Ni dai in an tambaye ni, ba na cikin masu cewa kada Kano ta samu tashar gas, don gas ɗin da zai kunna masaƙun Sharaɗa da Bompai ya fi wanda ke ci a banza a Iwherekan, ya kuma fi dubban janaretocin da ke maye gurbinsa yanzu. Ta kwal a Tawa kuwa sai an yi mini bayanin inda ruwan sanyaya ta zai fito da inda tokarta za ta zuba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka doka ta ce sai an rubuta masa rahoton nazari an kira jama'a sun faɗi albarkacin bakinsu. Rahoton kan zo cikin ɗaruruwan shafuka, da Faransanci ko Ingilishi, a ajiye shi a ofishin hukuma na 'yan makonni, sanarwar zaman kuma takan iso tebur ɗinmu a gidan rediyo cikin tarin sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure.